Baƙon Kaka Mai Cafkar Ƙuda

Duk shekara idan damina ta ja baya, wajen watan Satumba zuwa Oktoba, akwai wani ɗan tsuntsu da ke sauka a itatuwan bakin Kogin Sakkwato, tun daga Gusau har Bungudu, da kuma gonakin mangwaro na ƙasar Tsafe. Mutane ba su cika kula da shi ba, domin ba shi da ado. Bayansa ruwan toka ne, cikinsa fari-fari, da ƴan zane a ƙirji da goshi. Tsawonsa santimita 14, nauyinsa kuwa giram 14 zuwa 20, wato bai kai gwara jiki ba.

Masana sun sa shi cikin dangin Muscicapidae, suna kiransa Muscicapa striata, sunan Latinanci mai nufin macafkin ƙuda mai zane. Wani Bajamushe, Peter Simon Pallas, shi ne ya fara bayyana kamanninsa a rubuce a shekarar 1764. Sunan ya dace da halinsa, don kuwa yakan hau reshe ya yi tsit, da ya hangi ƙwaro sai ya zabura ya cafke shi a iska, ya koma inda ya taso. Ba ya taɓa gero ko dawa kamar jan baki, saboda haka ba abokin gabar manomi ba ne.

A Turai da wani sashe na Asiya yake sheƙa. Kafin sanyi ya kama can, sai ya ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara. Idan ya iso ƙasashenmu yakan ɗan yada zango ya ci ya murmure, sa'an nan ya wuce kudu. Wajen Afrilu kuma ya kama hanyar komawa.

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ba ta sa shi cikin masu fuskantar ƙarewa ba, amma ta nuna yawansa na raguwa. A Ingila ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 tun daga 1967. Abubuwan da masana ke zargi sun haɗa da ƙarancin ƙwari da lalacewar wuraren da yake sauka a hanya.

To, a nan ne abin ya shafe mu. Tsuntsun da ya ƙetaro hamada a galabaice inuwa yake nema da abinci, ga shi kuwa saran itace don girki da gawayi yana cinye gawo da tsamiya da ɗorawa. Zamfara na cikin jihohi 11 da hukumar ganuwar itatuwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 2015, ke aiki a cikinsu. Ya kamata sarakuna da malaman gona su mara wa dashe baya, a hana sare itatuwan bakin kogi, iyaye kuma su kwaɓi yara masu danƙo. Itacen da ya sauki wannan baƙo shi ne dai ke kare gona daga zaizayar ƙasa.