Jarrabawar Bai-ɗaya: Amfaninta da Illolinta ga Ɗalibai

Jarrabawar bai-ɗaya ita ce wadda ake ba dukan ɗalibai tambayoyi iri ɗaya, cikin lokaci ƙayyadadde, sannan a duba amsoshinsu da ƙa'ida ɗaya. Matsayinta kamar na tiya ne a kasuwar Dutsin-Ma. In kowane mai hatsi zai zo da nasa ma'auni, to, ba za a san mai araha da mai tsada ba.

Asalinta

Ƙasar Sin ce ta shahara da wannan tsari, domin ta yi fiye da shekara 1,000 tana ɗaukar ma'aikatan gwamnati ta hanyar jarrabawa, kafin ta soke shi a 1905. A Nijeriya kuwa, hukumomi uku ne suka fi fice: WAEC, wadda aka kafa a 1952, sai JAMB a 1978, sannan NECO a 1999.

Amfaninta

Babban amfaninta shi ne adalci. Mai duba takardar ɗalibi daga Dabawa bai san shi ba, bai kuma san mahaifinsa ba, saboda haka takardarsa da ta ɗan attajiri a Legas ma'auni ɗaya za su hau. Bayan haka, sakamakon yakan nuna wa hukuma makarantar da ta yi rauni, da darasin da ke bukatar ƙarin malamai. Jami'a irin ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ta wannan hanya take tace dubban masu neman gurbi. Hausawa kan ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Illolinta

Masana kan yi wa kowace jarrabawa tambayoyi biyu. Ta farko: in an maimaita ta, sakamakon zai tsaya yadda yake? Ɗalibin da zazzaɓi ya kama ranar lissafi zai iya rasa maki ɗaya tak, ya faɗo daga C6 zuwa D7, ya rasa kiredit. Haka nan, a tambayoyi 100 masu zaɓi huɗu, wanda bai san komai ba zai iya cin kimanin 25 ta hanyar canka kawai.

Ta biyu: tana auna abin da aka ce tana aunawa? Yaron Kurfi da ya tashi da Hausa zai iya fahimtar yadda tsiro ke samar da abincinsa, amma Turancin tambayar ya kayar da shi. A nan an auna harshe ne, ba ilmin halittu ba. Tun daga 2015 da JAMB ta koma kwamfuta kacokan, wanda bai saba da na'urar ba ya ƙara fuskantar wani shinge.

Akwai kuma illa ga koyarwa kanta. In daraja ta rataya ga sakamako kaɗai, malami kan koma bitar tsofaffin tambayoyi, ɗalibi ya koma hadda, wasu kuma su faɗa satar amsa, laifin da dokar 1999 ta tanadar wa hukunci.

Mafita

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta kawo tsarin auna ɗalibi a kai a kai cikin zangon karatu, domin kada rana ɗaya ta yanke makomarsa. Wajibi ne malami ya riƙe wannan amana, ya ba da aikin gida da gwajin aji bisa gaskiya, ya kuma rubuta makin da ɗalibi ya ci ba ƙari ba ragi. Ɗalibi kuwa ya fara neman fahimtar darasi, sannan ya gwada kansa da tsofaffin tambayoyi.