Jarin Turai da Fim ɗin Hausa: Bayani a kan Kamfanin Canal+

Gabatarwa

Garin Maigatari na ƙasar Gumel yana bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, kuma kowace Alhamis kasuwarsa takan haɗa fatake daga sassan biyu. Harshen mutanen ɗaya ne, amma shekara da shekaru akwatunan kallonsu daban suke. A Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar da Ɗanzomo gidajen kallon ƙwallo sun saba da DStv, watau na kamfanin MultiChoice na Afirka ta Kudu. A ƙetaren iyaka kuwa, wajen Damagaram da Maraɗi, Canal+ na Faransa aka fi sani. Cikin watan Satumba na 1984 babu ko ɗayansu a duniya. Cikin watan Satumba na 2025 kuwa Canal+ ya karɓi ragamar MultiChoice, dikodojin biyu suka koma na ubangida guda. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana yadda wannan kamfani yake zuba kuɗi a harkar fim, da abin da ya kawo shi Afirka, da kuma abin da zuwansa yake nufi ga fim ɗin Hausa.

Asalin kamfanin

An buɗe tashar Canal+ a Faransa ran 4 ga Nuwamba, 1984. Ita ce tashar farko a ƙasar wadda ba a kallonta sai an biya kuɗin wata, kuma hajarta iri biyu ce, wasanni da sababbin finafinai. Masu gidajen silima sun ji tsoron kada ta kashe musu kasuwa, saboda haka aka yi ciniki: a ba ta izinin nuna sabon fim kafin sauran tashoshi, ita kuwa wajibi ne ta mai da wani kaso na kuɗin da take samu wajen sayen finafinan Faransa da na Turai, akasari tun ba a ɗauke su ba. Da wannan sharaɗi ta zama babbar mai ɗaukar nauyin fim a ƙasar.

Har yanzu a kan wannan turba ake tafiya. Bisa tsarin 2022 an yarda ta nuna fim bayan wata 6 da fitowarsa a silima, alhali Netflix sai bayan wata 15. A yarjejeniyar Disamba 2021 ta yi alkawarin fiye da Yuro miliyan 600 cikin shekara uku. A ta Maris 2025 kuwa adadin ya sauko zuwa miliyan 480. Saukowar nan tana nuna cewa kuɗin ba kyauta ba ne. Ciniki ne da ake sabuntawa tsakanin kamfanin da ƙungiyoyin masu fim, doka tana tsaye a bayansu.

Shigowarsa Afirka

Tun farkon shekarun 1990 kamfanin ya shigo ƙasashen da Faransa ta raina da sunan Canal Horizons, yana sayar musu da shirye-shiryen Turai. Daga baya ya fahimci cewa ƙwallo takan jawo mai kallo, amma labarin gida shi ne ke riƙe iyali har su sake biya wata mai zuwa. Sai ya juya ga yin shirye-shirye a nan. Cikin 2014 ya buɗe tashar A+ mai nuna wasannin kwaikwayon Afirka. Cikin 2019 ya sayi kamfanin ROK na Legas daga hannun iROKO, wanda Mary Njoku ta kafa, wanda kuma ya riga ya yi finafinai fiye da 500. Bayan haka ya sayi jari a Kana TV ta Habasha cikin 2021, da Zacu ta Ruwanda cikin 2022, da Marodi ta Senegal cikin 2024. Na ƙarshe kuma mafi girma shi ne MultiChoice, wanda ya saya a kan Rand 125 kowane hannun jari.

Dalilin wannan yunƙuri a fili yake. Kasuwar Turai ta cika, kamfanonin Amurka masu nuna fim ta intanet sun matsa, Afirka kuwa jama'arta matasa ne masu ƙaruwa. Bugu da ƙari, mallakar fim ta fi hayarsa riba, domin fim ɗin da aka ɗauka sau ɗaya a Legas ana iya juya shi da Faransanci a nuna shi a Abijan da Yamai ba tare da an sake biyan kowa ba. Abin lura shi ne bambancin hanyoyin biyu. A Faransa kamfanin yana ba masu fim kuɗi, fim ya zauna nasu. A Afirka ya fi karkata ga sayen kamfanin da ke yin fim ɗin ɗungurungum.

Ba yau aka fara ba

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin hoton da wani ya biya kuɗinsa. A zamanin Turawa motar majigi takan zaga garuruwa tana nuna finafinan gwamnati, irin su Baban Larai mai koyar da noman auduga. Da Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna cikin 1962, da kamfanonin Ingila biyu ta haɗa jari, watau Granada da EMI, kafin tashoshin talabijin su koma ƙarƙashin NTA cikin 1977. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya cikin 1976 da kuɗin gwamnati aka yi shi.

Sana'ar da ake kira Kannywood ita ce ta fita daban. Ta tashi a Kano daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa cikin 1990, da kuɗin 'yan wasa da na 'yan kasuwa, kuma mai sayen kaset ko faifai a Ƙofar Wambai ko a kasuwar ƙauye shi ne ke mayar da jarin. Da satar fasaha ta yi yawa, aka kuma shiga tura finafinai a waya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sai kasuwar faifai ta mutu. Masu sana'ar suka koma ga tashoshi da YouTube. Africa Magic Hausa, wadda MultiChoice ya buɗe cikin 2010, tana cikin masu sayen finafinansu. Arewa24, wadda ta fara aiki cikin 2014 da tallafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka, ta nuna da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in cewa wasa mai dogon zango yana da jama'a. Ta haka ne ikon sana'ar ya tashi daga hannun dubban masu saye ya koma hannun 'yan tsirarun masu tasha. Yanzu kuma ɗaya daga cikin waɗannan tashoshi, Africa Magic Hausa, tana cikin dukiyar Canal+.

Hanyoyi huɗu na cinikin fim

Manomin Ɗanzomo ya san bambanci tsakanin ba da gona haya, da cin bashi a kan amfanin da bai nuna ba, da yin ƙodago a gonar wani, da sayar da gonar. Haka cinikin fim da tasha yake.

Hanya ta farko ita ce haya. Mai fim ya yi da kuɗinsa, tasha ta biya shi ta nuna na wani wa'adi a wasu ƙasashe, sa'an nan fim ya dawo masa. Kuɗin kaɗan ne, amma gona tasa ce.

Ta biyu ita ce saye tun labari yana takarda. Tasha takan biya wani ɓangare na kuɗin aiki, ta sami izinin fara nunawa. Wannan ita ce hanyar Faransa, kuma ita ce ta fi amfanar mai sana'a, domin yakan sami jari bai rasa mallaka ba.

Ta uku ita ce kwangila. Tasha ta biya kome, ta zaɓi labari, ta mallaki fim har abada, mai shiryawa kuwa ladan aikinsa kawai zai ɗauka. Ana samun albashi da kayan aiki na zamani da horo, amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Ta huɗu ita ce sayen kamfani, kamar yadda aka yi wa ROK, inda tsofaffin finafinai da na gobe duka sukan koma hannu ɗaya.

Mutanen ƙasar Gumel sun ga irin wannan a cinikin gyaɗa. Da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Gagarawa ta kai Nguru cikin 1930, kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt da CFAO na Faransa sukan ba dillalai kuɗi tun kafin kaka. Manomi ya sami kasuwar da ba shi da ita da, wannan gaskiya ne. Amma ba a rumbunsa ake yanka farashi ba. Idan masu saye suka ragu, mai kaya ba ya da bakin taya wa.

Akwai kuma batun abin da za a nuna. Tashar da ke son sayar da fim ɗaya a ƙasashe goma takan fi son labarin birni, da manyan gidaje da motoci, wanda kowa zai gane. Labarin makiyayi da manomi, da na fatauci a bakin iyaka, da Hausar Gumel ko ta Damagaram, suna iya rasa mai ɗaukar nauyi, ba don an hana su ba sai don lissafin kuɗi bai biyo ta kansu ba.

Kammalawa

Jarin waje ba abin gudu ba ne ga sana'ar da kasuwarta ta rushe, kuma kamfanin da ke da masu kallo a sassan iyaka biyu yana iya haɗa Hausawan Nijeriya da na Nijar a kasuwa guda, abin da ba a taɓa samu a tsare ba. Amma amfanin yana rataye ne a kan sharuɗɗa. Faransa da doka ta sami nata rabo. Afirka ta Kudu ma, kafin hukumar kula da gasar kasuwanci ta yarda da cinikin MultiChoice cikin Yuli 2025, sai da ta gindaya cewa za a ci gaba da kashe kuɗi a kan shirye-shiryen gida da ƙananan kamfanoni, sa'an nan aka ware lasisin watsa shirye-shiryen ƙasar aka sa shi a wani kamfani daban, domin dokarta ta taƙaita ƙuri'ar baƙi a kan kashi 20 cikin 100.

Nijeriya tana da kayan aikin yin irin wannan. Akwai Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin da aka kafa cikin 1992, akwai kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu cikin 2023. Aikin ma'aikacin gwamnati shi ne ya tabbata cewa rabon shirye-shiryen gida ya haɗa da harsunan ƙasa, kuma ana auna shi da kuɗin da aka kashe, ba da yawan sa'o'in maimaita tsohon fim ba. Aikin ƙungiyoyin masu fim shi ne su yi ciniki da baki ɗaya. Ɗalibin da ke shirin shiga sana'ar kuwa, kafin ya sa hannu a kowace takarda, ya kamata ya nemi amsar tambayoyi uku: shekara nawa aka sayi izinin, a waɗanne ƙasashe, kuma bayan wa'adi ya cika fim ɗin na wane ne.