Shin Ko Kun San? Mala'iku a Labarin Haihuwar Yesu Almasihu

Da zarar Disamba ta kama, hunturu ya sauko, majami'un Kontagora da na ƙauyukan da ke kewaye sukan shiga shirin Kirsimeti. Mawaƙa suna bita, matan zumunta suna ɗinkin anko, yara kuma suna rububin wanda za a ba matsayin mala'ika a wasan kwaikwayo. To, me Littafi Mai Tsarki ya faɗa a kan waɗannan 'yan aike na Allah, me kuma al'ada ta ƙara daga baya? Ku biyo mu.

Shin ko kun san cewa a cikin littattafan Bishara huɗu, biyu ne kaɗai suka kawo labarin haihuwar? Su ne Matiyu da Luka, kowannensu a babi na 1 da na 2. Luka ya bi labarin ta wajen Maryamu, Matiyu kuma ta wajen Yusufu. Tun daga 1932, lokacin da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda Dokta Walter Miller na Zariya yana cikin waɗanda suka yi aikinsa, Bakambare da Badakkare da Badukke suna iya zama a benci ɗaya su ji wannan labari da harshen da ya haɗa su.

Shin ko kun san cewa wani tsohon firist mai suna Zakariya ne mala'ika ya fara zuwar wa, kafin ya je wurin Maryamu? Kuri'a ce ta faɗo a kansa ya shiga Haikali a Urushalima ya ƙona turare, jama'a suna waje suna addu'a. Sai ga Jibra'ilu tsaye a dama da bagaden turare, da albishir cewa matarsa Alisabatu za ta haifi ɗa duk da tsufansu. Zakariya ya yi shakka, bakinsa ya rufe tun daga ranar har aka haifi yaron. Ranar suna dangi suka so a sa wa jaririn sunan ubansa, shi kuwa ya nemi allo ya rubuta sunan da mala'ika ya ba shi, wato Yahaya. Nan take harshensa ya sake.

Shin ko kun san cewa sau huɗu kacal aka ambaci sunan Jibra'ilu a dukan Littafi Mai Tsarki? Sau biyu a littafin Daniyel, babi na 8 da na 9, sau biyu a Luka babi na 1. Na ƙarshen shi ne zuwansa Nazarat, cikin Alisabatu yana wata shida, wurin budurwa Maryamu da ke tashi da Yusufu. Ita ma ta yi tambaya yadda abin zai yiwu alhali ba ta san namiji ba. Mala'ikan ya yi mata bayani, ya kafa mata hujja da cikin 'yar'uwarta Alisabatu, ita kuma ta miƙa wuya ga nufin Allah.

Shin ko kun san cewa a mafarki kawai mala'ika ya riƙa zuwar wa Yusufu, kuma Matiyu bai faɗi sunansa ba? Sau uku ne. Da farko ya hana shi rabuwa da Maryamu a asirce bayan ya ga tana da juna biyu. Na biyu ya umarce shi ya gudu da yaron da uwarsa zuwa Masar, domin Sarki Hirudus yana neman kashe shi, Yusufu kuwa ya tashi a cikin daren nan ya kama hanya. Na uku ya sanar da shi mutuwar Hirudus, ya ce ya koma gida. A dukan littattafan Bishara ba a rubuta ko kalma ɗaya daga bakin Yusufu ba. Da an faɗa masa, sai ya aikata.

Shin ko kun san cewa sunan Yesu daga bakin mala'ika ya fito, tun kafin a ɗauki cikinsa? A Luka an faɗa wa Maryamu, a Matiyu an faɗa wa Yusufu. A rana ta takwas, ranar kaciya bisa al'adar Yahudawa, aka raɗa masa shi.

Shin ko kun san cewa makiyaya ne mutanen farko da aka sanar wa a daren haihuwar? Fadar Hirudus da manyan firistoci suna Urushalima, tafiyar kamar kilomita 10 daga Baitalami, amma mala'ikan ya sauka a daji, wurin masu gadin garke da dare. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kontagora zuwa Rijau ko Tegina da asubahin hunturu ya san irin mutanen: bargo a kafaɗa, sanda a hannu, toka ta lulluɓe garwashin wutar da suka kwana suna jin ɗuminta, dabbobi kwance a gefe. Mala'ika ɗaya ya fara bayyana, haske ya kewaye su, suka firgita. Ya ba su alamar da talaka zai gane, jariri naɗe da zane, kwance a komin dabbobi. Daga nan sai rundunar sama ta bayyana tana yabon Allah tana shelar salama a duniya. Runduna guda, saƙonta kuma zaman lafiya.

Shin ko kun san cewa babu inda Matiyu ko Luka suka ce mala'ikun Kirsimeti suna da fukafukai, ko kuma sun tsaya a kan komin da jaririn yake? Halittun sama masu fukafukai suna cikin wahayin Ishaya, masu shida-shida, da na Ezekiyel, masu huɗu-huɗu. A wani tsohon zane da ke maƙabartar ƙarƙashin ƙasa ta Priscilla a birnin Rum, wanda masana da yawa suke ɗauka zanen albishir ga Maryamu ne, mala'ikan mutum ne tsaye ba fiffike. Wajen ƙarshen ƙarni na 4 masu zane suka fara ƙara su. Daga can aka gado fukafukan kwali da ake liƙa wa takarda mai ƙyalli, a ɗaura wa yarinya da zare a kan farin zanen mahaifiyarta.

Shin ko kun san cewa babbar majami'ar Katolika ta Kontagora sunan mala'ika take ɗauke da shi? Ita ce St. Michael, wato Mika'ilu. Shi bai fito a Matiyu ko Luka ba. Ana samunsa a Daniyel da Yahuza da Wahayi babi na 12, inda ya yaƙi macijin da ya so haɗiye ɗan da wata mace ta haifa. An kafa yankin Katolika na Kontagora a 1995 ƙarƙashin Fada Timothy Carroll ɗan ƙasar Ayalan, ya ƙara matsayi a 2002, sannan Paparoma Francis ya mai da shi cikakkiyar dayosis a 2020, da Bishop Bulus Dauwa Yohanna a kan kujera. Ranar 29 ga Satumba Katolika suke bikin Mika'ilu da Jibra'ilu da Rafayel tare.

Shin ko kun san cewa ana tuna zuwan Jibra'ilu wurin Maryamu ranar 25 ga Maris, wata tara cif kafin 25 ga Disamba? Katolika kuma suna da addu'ar Angelus da ke tuna wannan albishir da ƙarfe 6 na safe, 12 na rana da 6 na yamma.

Shin ko kun san cewa masu ziyara daga Nijeriya sukan ga majami'u biyu na albishir a Nazarat? Ta Katolika, wadda aka kammala a 1969, tana kan kogon da ake ɗauka gidan Maryamu ne. Ta Otodoks ɗin Girka tana kan maɓuɓɓugar ruwa, domin wani littafi na ƙarni na 2 ya ce a wurin ɗiban ruwa Maryamu ta fara jin muryar mala'ikan.

Shin ko kun san cewa Alƙur'ani ma ya kawo labarin? A Suratu Ali Imrana mala'iku sun yi wa Annabi Zakariyya albishir yana tsaye yana salla, alamarsa kuma ita ce kwana uku ba magana da mutane. A Suratu Maryam, Ruhu ya bayyana wa Nana Maryam a siffar cikakken mutum, malaman tafsiri suka ce Jibrilu ne. Ita ce mace ɗaya tak da Alƙur'ani ya ambaci sunanta. Musulmi da Kirista sun sha bamban a kan matsayin Isa Almasihu, amma sun haɗu a kan cewa mala'ika ne ya kai saƙon, budurwa ce kuma ta haife shi.

Shin ko kun san cewa da Zakariya, da Maryamu, da Yusufu, da makiyayan, kowannensu sai da mala'ika ya fara cire masa tsoro kafin ya ba shi saƙo? A ƙasar Hausa mai albishir yakan tsaya ya karɓi goronsa. Mala'ikun kuwa suna gama isar da saƙo suka koma, makiyayan suka ɗauki labarin suka baza. Yau mutanen Mariga da Rijau da Magama sun san ɗacin tsoron 'yan bindiga, Musulminsu da Kiristansu. Kwantar wa maƙwabci hankali, ƙin yaɗa jita-jita, da kai abincin Kirsimeti ko naman Sallah gidan wanda aka raba da gonarsa, aiki ne da ya rage a hannunmu, kuma kowa yana iya yinsa.