Jamus: Takardun sirrin da suka hana iyalan baƙi sanin gaskiya

Ranar 6 ga Afrilun 2006 aka harbe Halit Yozgat, ɗan asalin Turkiyya mai shekara 21, a shagonsa na intanet a birnin Kassel. Shi ne na tara cikin mutum 10 da ƙungiyar ƴan Nazi ta NSU ta kashe, tara daga cikinsu ƴan asalin ƙasashen waje.

Bincike ya gano cewa wani jami'in leƙen asirin jihar Hessen na cikin shagon a lokacin, amma ya ce bai ga komai ba. Da ƴan sanda suka nemi yi wa masu tsegunta masa bayanai tambayoyi, ministan cikin gidan jihar, Volker Bouffier, ya hana, da hujjar kare sirrinsu.

A Nuwamban 2011, kwanaki kaɗan bayan asirin ƙungiyar ya tonu, aka lalata wasu takardun masu tsegunta bayanai a hedikwatar hukumar leƙen asirin cikin gida da ke Kolon. Rahoton da Hessen ta rubuta kuwa, an ce a rufe shi shekara 120, daga baya aka rage zuwa 30.

A Yulin 2018 kotun Munich ta yanke wa Beate Zschäpe ɗaurin rai da rai. Sai dai iyalan mamatan, waɗanda ƴan sanda suka shafe shekaru suna zargi, har yau suna tambaya: me hukumar ta sani kafin a kashe ƴaƴansu?