Motar Haya a Dubai: Kyamara Ba Ta Jin Magiya

Ƙanen matata ya dawo daga Dubai da hotuna cike da waya: ga shi a sitiyarin farar jif, ga dogayen benaye a bayansa. Kwana biyar ya yi da motar. Sai da ya kusa wata guda a Kano sannan kamfanin hayar ya aiko masa da lissafi, daga dirhami 2,000 da ya ajiye jingina abin da ya rage bai kai kuɗin cefanen mako ba. Ya rantse an cuce shi. Na karɓi takardar na duba layi-layi, ban ga cuta ba. Tara ce uku ta gudu, da kuɗin ƙofofin harajin hanya na Salik, da ladan kamfani a kan kowace tara.

Tun da aka ɗage wa 'yan Najeriya takunkumin bizar zuwa Dubai a watan Yulin 2024, jirgin Emirates kuma ya dawo Legas a Oktoba, irin wannan labari ya fara yawa a bakin matasan 'yan kasuwarmu. Iyayensu sun shekara da shekaru suna saro kaya a Deira da ƙafa da tasi, ba wanda ya ce sun gaza. 'Ya'yan ne suka ga sai da mota, kuma rabin dalilin burga ce ta Instagram da TikTok, ko ba su faɗa ba.

Amma burga ba ita ke cinye kuɗin ba. Abin da ke cinye shi halin tuƙi ne da muke ɗauka daga gida. A nan doka tana da fuska. Idan ka keta danja aka tare ka, za ka sauke gilashi ka ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri, sauri nake asibiti," ko ka kira wani babba a waya, a rabu ana dariya. Direbanmu ya taso da sanin cewa kowane laifi yana da bakin magana. A Dubai ba sai an tare ka ba. Kyamara ce za ta ɗauki lambar motar shiru, tarar ta shiga rajistar kamfani, kamfani ya cire a jinginarka kana can kana shan shayi a otel. Keta jan danja tararsa dirhami 1,000 ce, a kuma tsare motar kwana 30. Tun Yulin 2023 fansar motar da aka tsare kan wannan laifi ta kai dirhami 50,000, wato kusan dala 13,600, ko naira miliyan 20 idan dala tana 1,500. Takardar da ka sa wa hannu a gurguje a kanta, ba ka karanta ba, kai take ɗora wa wannan nauyi.

Ga wani tarko da ke kama baƙi: a Dubai ana ɗaga wa direba ƙafa da kilomita 20 a kan gudun da ke rubuce a allo, amma Abu Dhabi ta soke wannan rangwame tun 2018. Hanya ɗaya ce, ka tsallaka iyaka ba ka sani ba, ƙafarka tana nan yadda take a kan totur.

Salik ma ya tashi. Ƙofofi 10 ne yanzu, kuma daga ƙarshen Janairun 2025 kowace wucewa dirhami 6 ce a lokacin cunkoso, 4 a sauran yini. Ba shinge, ba mai karɓar kuɗi, don haka ba ka jin zafinsa sai ranar lissafi. Wanda kuma ba shi da katin banki na dala, dole ya ajiye tsabar kuɗi jingina a ƙananan kamfanoni, ya hau jirgi ya bar su a hannun mutane. Daga Kantin Kwari wa za ka kama?

Gaskiya akwai masu hujjar karɓar motar haya. Jirgin ƙasan Dubai bai shiga Sharjah ba, balle Ajman, kuma mai zagayen rumbunan kaya ko kasuwar motoci ta Ras Al Khor, ko mai tafe da iyali shida, tasi za ta iya fi masa tsada. Na yarda. Sai dai su nawa ne? Mafi yawan masu hayar da na sani zirga-zirgarsu ba ta wuce otel zuwa kasuwar Naif zuwa Dubai Mall, hanyar da jirgin da aka buɗe tun 2009 yake yi da 'yan dirhami, ba neman wurin fakin.

Wanda lallai sai ya karɓi motar haya, ya yanki lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tun a gida, ya ɗauki bidiyon jikin motar kafin ya tayar da ita, ya tambayi nawa zai biya daga aljihunsa kafin inshora ta shigo. Ko ƙwarzane aka yi mata, lallai ya samu rahoton 'yan sanda, domin ba garejin da zai taɓa ta ba tare da shi ba.