Kun Zaɓi Shugaban Ƙasa, Wa Kuka Bar wa Lissafin Kuɗin?

Duk shekarar zaɓen shugaban ƙasa a Amurka, 'yan uwanmu da suka zama 'yan ƙasa a jihar Fensilbaniya sukan yi sammako su bi layi, gwanin sha'awa. Sai dai da yawa, da zarar sun cike ɗan zagayen da ke gefen sunan mai neman shugabancin ƙasa, sai su miƙa takarda su kama gabansu. Ka tambayi mutum a ƙofar masallaci a Filadelfiya wa ya zaɓa odita janar, ya ce maka, "Au, har da wannan?" Har da shi mana, Malam! Yana nan ƙasa kaɗan a takardar da ka riƙe da hannunka.

Wataƙila sabo ne daga gida. A Najeriya gwamna ne ke naɗa odita janar na jiha, majalisar dokoki ta amince. A Fensilbaniya kuwa tun 1850 jama'a ke zaɓensa, kuma shi ke bin diddigin yadda ma'aikatun jiha da hukumomin makarantu ke kashe kuɗin harajin da ake yanka a albashinka.

Ga misali ɗaya. Jihar tana da layin waya mai suna ChildLine, wanda ake kira a kai rahoton cin zarafin yara. A 2016 odita na lokacin, Eugene DePasquale, ya bankaɗo cewa kira kusan 42,000 ba a ɗauka ba a shekarar 2015 kaɗai. Ka duba fa: malamar makaranta ta ga tabon duka a bayan yaro, ta riƙe waya tana jira, har ta gaji ta ajiye. Bayan rahoton ya fito, an ƙara ma'aikata. Odita ba ya kama kowa, tonon silili ne makaminsa, amma ai ka ga ya yi aiki. Wannan kujerar ce kake tsallakewa don kana saurin komawa bakin aiki?

Wani ya ce, "Ai na zaɓi jam'iyyata." Wannan zancen ya wuce. Dokar da aka yi a 2019 ta soke tsarin dangwala wa jam'iyya sau ɗaya ya wadatar. Yanzu kowace kujera sai ka cike nata zagayen, wadda ka bari fayau kuwa ba ka zaɓi kowa ba a wurin. Don haka ka bi takardar daga sama har ƙasa, ka juya bayanta ka duba. Kafin ranar ma ka nemi samfurinta a shafin ofishin zaɓe na gundumarku, ka karanta sunayen a natse a gida, maimakon ka tsaya kana canki-canka a rumfa.

Timothy DeFoor, baƙar fata, shi ya ci kujerar a 2020, ya sake ci a 2024, kuma doka ba ta yarda a yi wa'adi uku a jere ba. Ke nan a 2028 sabon mutum za a zaɓa. Mai son sa baki tun daga zaɓen fid da gwani sai ya yi rajista da jam'iyya, domin a jihar 'yan jam'iyya kaɗai ke fid da 'yan takararta, kuma ana rufe rajista kwana 15 kafin zaɓe.