Ƙarfin Gado: Abin da Dabba Ke Miƙa wa 'Ya'yanta

Hausawa kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Duk da haka, makiyayi yakan sayi karsana da tsada saboda yawan madarar uwarta, amma idan ta haihu sai a tarar ba ta kai uwar ba. Dalili kuwa shi ne fifikon da ake gani a jikin dabba kashi biyu ne. Akwai wanda ya fito daga ƙwayoyin gado, akwai kuma wanda abinci, lafiya da kulawa suka haifar. Na farkon ne kaɗai ke bin jini.

Masana kiwo suna auna wannan da ma'aunin da ake kira ƙarfin gado, wanda ke tsakanin 0 da 1. Yana nuna kashi nawa ne na bambancin da ke tsakanin dabbobin garke ya samo asali daga gado. Na yawan madara yana kusan 0.25 zuwa 0.30, na saurin ɗaukar ciki kuwa bai kai 0.1 ba.

A misali, a ce matsakaicin abin da saniya ke bayarwa a garke lita 1,000 ne a shekara, sai aka ware masu lita 1,400 domin iri, wato fifikon lita 400. Idan ƙarfin gado 0.25 ne, kuma bijimin ya yi daidai da su a daraja, 'ya'yan za su fi garken da lita 100 kacal. Idan bijimin gama-gari ne, ribar ta koma lita 50.

Wannan riba ƙarama ce a ido, amma ba ta gushewa, kuma kowane zubi na 'ya'ya yana ɗorawa a kan na baya. Taruwarta shekara da shekaru ita ce ci gaban iri. Masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun nuna girmansa a rahoton da suka buga a 2014. Sun yi kiwon kajin nama irin na 1957 da na 1978 da na 2005 a kan abinci iri ɗaya. Bayan kwana 56, na 1957 sun kai giram 905, na 1978 giram 1,808, na 2005 kuwa giram 4,202. Tun da abincin ɗaya ne, bambancin na gado ne.

Sai dai bin siffa ɗaya tak yana da illa. Kajin masu saurin girma sun yi fama da ciwon ƙafa da na zuciya. A Amurka, yayin da madarar shanun Holstein ke ƙaruwa, ɗaukar cikinsu ya yi ta raguwa, har a 2003 aka shigar da haihuwa cikin ma'aunin zaɓen bijimai.

Haka lamarin yake ga shanun Bunaji da ake nazari a cibiyar NAPRI ta Shika, kusa da Zariya, da na Azawak a tashar Tukunus ta Nijar. Waɗannan shanu suna jure zafi da ƙarancin ciyawa, don haka duk zaɓen da zai ƙara madara ya zubar da juriya hasara ce. Kuma zaɓe ba ya yiwuwa sai da rubutu: wace saniya, 'yar wane bijimi, lita nawa.

Ci gaban iri yana iya komawa baya. Makiyayin da ke kai ragunansa mafi girma kasuwa kowace Babbar Salla, ya bar ƙanana suna barbara, shi ma zaɓe yake yi, sai dai yana rage girman tumakinsa ne da hannunsa. Ragon da ya fi tsada a kasuwa shi ne ya fi cancantar zama uban garke.